Batirin da Rana Ta Dafa

A harabar asibiti motar Malama ta ƙi tashi, da tsakar rana, ga Yayanta zaune a kujerar gaba yana ta zufa.

Malama tsohuwar malamar makaranta ce. Ta daɗe da yin ritaya, amma sunan ya bi ta. Motar 'yar ƙarama ce fara, maigidanta ya saya mata kafin ya rasu, shi ya koya mata tuƙi a wani fili, hannunsa a kan marfin ƙofa kamar mai shirin dira. Tun da Yaya ya samu shanyewar ɓarin jiki, ita ke zuwa ɗaukarsa duk mako ta kai shi asibiti gashin ƙashi, ta jira a gama, ta mayar da shi gida. 'Ya'yansa sun yi nisa, matarsa kuma ciwon gwiwa ya zaunar da ita.

Ta murza makulli. Motar ta yi ƙyat-ƙyat-ƙyat, ta yi shiru. Ta sake murzawa. 'Yan fitilun gaban sitiyari suka kawo, suka dushe.

"Ta ƙi?" in ji Yaya, magana na fita da ƙyar ta gefen bakinsa.

"Za ta tashi. Shagwaɓa take ji."

Ba ta tashi ba. Masu gadi suka zo za su tura, amma harabar cike take da motoci, babu inda za a samu gudu. Kujeru suka ɗauki zafi, iska ta tsaya cak. Da Malama ta ga leɓɓan Yaya sun bushe, kansa na rinjaya gefe, sai ta haɗiye girman kanta ta kira babban ɗanta.

Manaja ake ce masa a gida. Ba don aikinsa ba. Tun yana ƙarami yake raba wa ƙannensa aiki yana tsaye hannu a baya, shi ya sa ubansa ya laƙa masa sunan. Ya zo a guje, ya kinkimi kawunsa zuwa tasa motar mai sanyi, ya ba shi ruwa, ya samo wanda ya jona waya aka tayar da ta Malama. Suka sauke Yaya, suka wuce gida, tana biye da shi. Gida ɗaya suke, shi da iyalinsa a sashen baya. Ya shigar da motarsa ƙarƙashin rumfar kwano, ita kuma ta tsayar da tata inda ta saba, a tsakar gida, jikin katanga. Tana kashewa ya leƙo ta taga, ya zare makullin, ya jefa aljihu.

"Makullina," in ji ta.

"Inna, ki huta haka nan."

"Na ce maka na gaji?"

"Batir nawa na saka wa motar nan? Sabo fil nake kawowa, kafin a ce me ya mutu. Batir ba ya mutuwa haka kawai, Inna. Ko fitila kike bari a kunne, ko rediyo, ko ki bar ƙofa ba ta rufu ba. Mantawa kike yi. Ba laifi ba ne, shekaru ne."

Ta fito daga motar a hankali, ta gyara mayafinta, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ni ce mai mantuwar?"

"Yau Kawu ya kusa sumewa a hannunki. Da wayata a kashe take fa? Daga yanzu zan riƙa turo tasi ta kai ku."

"Ranar da ka ga na zuba takalmana a tukunya, ka zo ka karɓi makulli. Kafin ranar, ba ni kayana."

Ya sunkuyar da kai, ya ce ta yi haƙuri, ya wuce sashensa da makullin a aljihu.

A gabansa ba ta nuna komai ba, amma da ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado, maganar ta zauna tare da ita. Kwanan baya ta yi ta neman tabarau alhali yana kanta. Wata rana kuma ta kira jikarta da sunan uwar yarinyar. To idan gaskiya ya faɗa fa? Da rana ta yi sanyi ta fita ta leƙa motar. Makunnin fitila a kashe yake. Ta san wannan bai wanke ta ba, na yau kaɗai ya nuna. Ta tsaya dafe da rufin motar, wanda har lokacin bai huce ba. A nan ta yanke shawara: in kanta ne ya fara taɓuwa, daga bakin likita za ta ji, ba daga bakin yaron da ta yaye ba. Batirin kuma sai an gaya mata abin da ya kashe shi.

Washegari, Manaja na fita aiki, ta buga wa maƙwabciyarta Mai ɗinki ƙofa. Mai ɗinki tsarar Malama ce, doguwa, mai ƙarfin hannu, wadda ba ta jin an ce ga rigima ta tsaya neman takalmi. Malama ta jawo akwatin kayan aikin marigayi daga ƙarƙashin gado, ta zaɓo sifana. Makulli kawai Manaja ya ɗauka, bai kulle motar ba. Ta ja mariƙin bonet, suka ɗaga.

"Innalillahi," in ji Mai ɗinki. "Malama, wannan ai ciki ne da shi!"

Gefe da gefen batirin sun kumbura, kawunansa biyu sun yi farin gari mai shuɗi-shuɗi kamar fumfuna, ga wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙarfen da ya kamata ya riƙe shi ma babu, da igiyar roba aka ɗaure shi. Malama ta fara kwance baƙar waya kafin ja, yadda ta sha ganin maigidanta yana yi. Suka kama shi su biyu, suna nishi suna zagin wanda ya ƙera shi.

Ɗagowar da Malama za ta yi, ta hangi surukarta tsaye a bakin ƙofa, waya a hannu.

"Kira shi," in ji Malama. "Ki ce kin gan ni da idonki."

Surukar ta dubi wayar, ta dubi tsofaffin biyu. Ta koma ciki, ta fito da wani tsohon buhu.

"Ku sa shi a nan, Inna, kada ruwansa ya cinye muku zane. Ni dai ina wanki, ban ga komai ba."

Tasi ta sauke su a layin masu batir, bayan tashar mota. Ko'ina batura ne an jera a ƙofar shaguna kamar bulo, rana na dukansu. Wani saurayi mai zaƙin baki ya tare su tun kafin su ajiye buhun.

"Hajiya, sannu da zuwa! A jefar da wannan, ga sabo, dubi ƙyallinsa."

Irin nata ne sak, har hoton walƙiyar da ke jikinsa.

"Ban zo saye ba tukuna. Na zo a gaya mini abin da ya kashe wannan."

"Ai batir kamar mutum ne, Hajiya. Kwana ne ya ƙare."

"To kai mai haƙa kabari ne. Ni likita nake nema."

Suka ci gaba, buhun a tsakaninsu. Na gaba ya ce cajin banza aka yi masa, ba tare da ya buɗe buhun ba. Wani mai faci ne ya ga wahalarsu, ya nuna musu wani shago can ƙarshen layi. Ya ce, "Ku je wurin Ba Ragi. Ba shi da fara'a, amma zai duba."

Shagon Ba Ragi babu ko batir ɗaya a waje. Duk kayansa na ciki a kan katako, cikin inuwa, fanka na kaɗawa. Shi kansa gajere ne mai furfura, rigarsa duk 'yan huji inda ruwan batir ya ɗiga. Ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya zare batirin daga buhu da hannu ɗaya. Ya ɓamɓare takardar da aka manna a samansa, sai ga murafu a ƙasa. Ya buɗe su, ya haska tocila.

"Zo ki gani."

Malama ta sa tabarau ta leƙa. Ciki a bushe, farantan dalmar sun fito fili, sun lanƙwashe.

"An ce wa ɗana irin wanda ba ya son ruwa ne," in ji ta.

"An rufe masa baki da takarda dai. Ƙishi ya kashe shi."

Ta ja numfashi, ta yi tambayar da ta kawo ta.

"Malam, ka gaya mini tsakani da Allah. Idan mutum yana barin fitila a kunne, haka batir ke yi?"

"In aka bar fitila, sauka yake yi. A yi masa caji ya dawo, ko da ya rage ƙarfi. Wannan ba sauka ya yi ba, dahuwa ya yi." Ya mayar da murfi ɗaya. "Ban ce ba kya barin fitila ba, Hajiya, ban san ki ba. Na ce dai ba ita ta yi wannan ba."

Mai ɗinki ta buga cinya. Malama ta nemi benci ta zauna.

Ya tambaye ta inda motar ke yini. Ta ce a rana. Tafiya mai nisa take yi ko 'yar nan da can? Ta ce 'yar nan da can. Ya girgiza kai. Ya ce zafi shi ne babban maƙiyin batir, yana shanye ruwansa yana cin dalmarsa a ɓoye, mutum bai sani ba sai ranar da ya murza makulli ya ji shiru. Gajeriyar tafiya kuma ba ta barin ya ƙoshi da caji, jijjiga na ƙarasa abin da ya rage in ba a ɗaure shi da kyau ba. Ya sauko da wani batir ya ajiye kusa da nata.

"Ɗaga wannan. To ɗaga wancan."

Girmansu ɗaya, amma sabon ya ƙi barin ƙasa sai da ta sa hannu biyu.

"Nauyin nan dalma ce. Mai kauri ya fi jure zafi. Kada babbar lambar da ake rubutawa a jiki ta ruɗe ki, yawancinta ta masu fama da ƙanƙara ce. Ke ki dubi nauyi, ki dubi ko daidai yake da motarki, ki dubi watan da aka ƙera shi. Wanda ya daɗe a shago ya tsufa tun ba a saka shi ba."

Iri biyu ya nuna mata: rufaffe wanda ba a buɗewa, da mai murafu wanda ake duba ruwansa lokaci-lokaci a ƙara masa tataccen ruwan batir.

"Ke dai ɗauki rufaffen," in ji shi. "Ga mai shekaru ya fi sauƙi, kada ki manta da ruwan."

Malama ta miƙe tsaye.

"Kai ma?"

"Ni ma me?"

"Ba ni mai murafun. Wanda zan buɗe in gani da idona nake so."

Ya ɗaga kafaɗa ya miƙo na gaba a kan katako. Ta ce ya dakata. Ta gyara tabarau, ta sa ya nuna mata inda ake buga watan, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana karantawa, kamar tana duba farcen 'yan aji. Na gaban ya kwana biyu. Wanda ta zaɓa yana can ƙurya, sai da ya sauke na gabansa duka, yana gunaguni.

"Hajiya, ke malamar makaranta ce?"

"Wa ya gaya maka?"

"Bayana ne ya gaya mini."

Mai ɗinki ta nemi ragi, ya nuna mata sunansa a jikin allo. Sai dai ya ce garanti ba zai bayar ba sai ya zo da kansa ya ɗaura, an tayar da motar ya auna cajin da take bayarwa, don injin cajin mota in ya wuce ƙima shi ma tafasa batir yake yi.

"Akwai makulli dai ko?"

Matan biyu suka dubi juna.

"Zuwa la'asar akwai," in ji Malama. "Tsohon kuma mayar mini da shi buhu. Ba na sayarwa ba ne yau."

Ofishin Manaja a bene yake, mai ƙofar gilashi da sanyin da ke shiga ƙashi. Mai gadi ya dubi buhun ya buɗe baki, Malama ta gaya masa ko ita wace ce, sai ya rufe bakin ya karɓi buhun ya hau da shi. Manaja na ganinsu ya miƙe zumbur.

"Inna! Lafiya? Kawu ne?"

"Kawunka lafiya lau." Ta sa aka ajiye buhun a gefen teburinsa, ta buɗe bakinsa. "Ga mantuwata na kawo maka. Duba ta da kyau."

Ya yi saurin rufe ƙofa. Mai ɗinki ta samu kujera mai laushi ta baje, tana shan sanyi. Manaja ya tsuguna ya dubi kumburin, ya taɓa, ya leƙa ramukan da uwarsa ke nuna masa. Ta faɗa masa abin da aka gaya mata, ba ƙari ba ragi, har da cewa mai batirin bai rantse a kan fitila ba.

Ya daɗe a tsugune.

"Ko da batirin ne, Inna," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ba ki ga fuskar Kawu jiya ba yadda na gan ta. Ba ki ga taki ba. Baba ma haka ya yi ta cewa lafiyarsa lau, muka biye masa."

Nan ta ɗan sassauta, amma ba ta zauna ba.

"Tsoro kake ji. Ni ma jiya na ji shi, har ya hana ni cin abinci. Zan je likita ya duba kaina da idona, ni zan kai kaina. In ya ce in ajiye tuƙi, da hannuna zan miƙo maka makullin. Amma ba za ka zare shi a gabana ba kamar ka kama yaro da ashana. Ban kai nan ba."

"In na ce a bari sai likitan ya gani fa?"

"Akwai masu yanka makulli a bayan kasuwa. Na wuce su ɗazu."

"Wallahi za ta yi," in ji Mai ɗinki daga kujera.

Ya dubi uwarsa, ya ga babu alamar wasa. Ya zura hannu aljihu, ya ɗora makullin a tafin hannunta, ya haɗa da hannu biyu.

"Saura ɗaya," in ji ta. "Rumfar nan ubanka ya kafa ta ne saboda motata. Da ka sayi taka ka ce fentinta sabo ne, na matsa maka. Na fasa."

"To tawa fa, Inna?"

"Ka kafa taka. Ba kai ne Manaja ba?"

Ta juya za ta fita, ya ce, "Buhun fa?"

"Naka ne. Kai ka saya."

Da la'asar Ba Ragi ya zo a kan babur, batirin ɗaure a baya. Ya kankare wayoyin har suka yi haske, ya sa sabon ƙarfen riƙo, ya ɗaure tamau. Malama ta shiga ta murza makulli, motar ta tashi tun kafin ta saki hannu. Ya ɗora abin awonsa, ya yi tsaki: cajin ya ɗan haura. Ya ce ta kai wa mai gyaran wayar mota gobe, ƙaramin abu ne za a canza, sannan ta dawo ya sake aunawa ya ba ta garantinta. Haka aka yi. A ranar da aka ɗaura batirin, da yamma Manaja ya dawo ya tarar da farar motar a ƙarƙashin rumfa. Ya tsaya jim, sannan ya ajiye tasa a jikin katanga.

Wurin likita kuwa ta je, kamar yadda ta ce. Ya yi mata tambayoyi, ya sa ta zana agogo, ya haska idanunta. Ya ce kanta garau, amma idon ba ya son duhu, ta daina tuƙi bayan faɗuwar rana. Abin bai yi mata daɗi ba. Duk da haka ita ta je har sashen Manaja ta gaya masa, tun kafin ya tambaya.

Ranar gashin Yaya ta zagayo. Ta ɗauko shi, suka hau titi. Ba su yi nisa ba ta hangi wata mota a madubi, tana biye da su daga nesa, in ta rage gudu ta rage, in ta sha kwana ta sha.

"Yaya, waiwaya ka ga ɗanka."

Yaya ya juya da ƙyar, ya yi dariya da rabin bakinsa. "Gadi yake yi."

A harabar asibiti ta samu gindin wata bishiya ta tsaya. Motar Manaja ta lafe can bayan wata babbar mota, kamar ba ita ba. Malama ta fito, ta taka har wurin, ta ƙwanƙwasa gilashi. Ya sauke a hankali, yana sosa ƙeya.

"Wucewa nake yi, Inna."

"Na gani. Tun da ka wuce ta nan, fito ka kama kawunka, matattakalar nan wahala take ba mu."

Ya fito, ya naɗe hannun riga, ya sa kafaɗa ƙarƙashin hammatar Kawu. Malama ta kulle motarta ta wuce gabansu, tana gaya wa masu gadi su buɗe ƙofar da kyau.